Darasi na 7: Man Ɗumama ko Iskar Furofen? Zaɓen Makamashin Ɗumama Gida a Ƙasashen Sanyi

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana mene ne man ɗumama, mene ne furofen, da inda ake amfani da su;
2. lissafa kuɗin zafin da yake shiga ɗaki, maimakon tsayawa kan kuɗin galan;
3. faɗin irin kuɗi da ɗawainiyar da tankin kowannensu yake ɗora wa mai gida;
4. gane lokacin da sauya makamashi yake da riba da lokacin da asara ce.

1. Inda ake wannan zaɓi

A arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada, sanyi yakan kama tun daga Oktoba, ba ya saki sai Afrilu. A jihohi irin su Maine da Vermont, daren Janairu yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Idan aka bar gida babu ɗumi a irin wannan dare, ruwan famfo yakan daskare a cikin bututu, ya kumbura, ya fasa shi. Shi ya sa kuɗin ɗumama gida yake cikin manyan kuɗaɗen da magidanci yake warewa kowace shekara.

A manyan birane akwai iskar gas da take zuwa gida ta bututun ƙarƙashin ƙasa. Amma ƙauyuka da ƙananan garuruwa da yawa bututun bai kai gare su ba. Su tanka ce take zuwa har ƙofar gida ta cika musu tanki, kuma abin da take kawowa ɗayan biyu ne: man ɗumama ko furofen. Gidaje sama da miliyan 4 a Amurka da man ɗumama suka dogara, kuma kusan huɗu cikin biyar ɗinsu suna arewa maso gabas. A Maine kaɗai, wajen rabin gidajen jihar mai suke ƙonawa. Furofen kuwa ya fi ƙarfi a karkarar jihohin tsakiya, irin su Minnesota da Wisconsin da Michigan.

Wasu daga cikinmu suna da 'ya'ya ko 'yan'uwa a can. Ko babu, lissafin da za mu koya a nan yana aiki a duk inda mutum zai zaɓi ɗaya daga cikin makamashi biyu.

2. Mene ne waɗannan biyun?

> Akwatin kalmomi
> Man ɗumama: mai ne da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, ɗan'uwan man dizal na manyan motoci. A Amurka ana rina shi ja, don a bambanta shi da dizal ɗin da ake biya wa harajin hanya.
> Furofen: iskar gas ce da ake matsewa a cikin tanki har ta zama ruwa. Ana samun ta a wajen tace iskar gas ta ƙasa da kuma a matatar mai.
> Galan: ma'aunin ruwa na Amurka. Galan 1 daidai yake da lita 3.785.

Furofen ba baƙo ba ne a gare mu. Gas ɗin girkin da ake ɗura mana a tukunya mai kilo 12.5 haɗi ne na furofen da wata iskar da ake kira butan. Dalilin da ya sa a ƙasashen ƙanƙara ake amfani da furofen kusan zallarsa shi ne, butan yakan daina tashi daga ruwa ya zama iska da zarar sanyi ya kai wajen sifili, shi kuwa furofen yana ci gaba da tashi har sai an kai digiri 42 ƙasa da sifili. Tankin gas da zai kwana a waje cikin dusar ƙanƙara dole ya zama na furofen.

Dukansu biyun ana ƙona su ne a cikin na'ura guda wadda yawanci take ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wata na'urar ruwa take zafafawa, ta tura shi cikin bututu ya zagaya ɗakuna. Wata kuma iska take zafafawa, fanka ta hura ta cikin gida. A wannan darasi za mu kira su duka na'urar ɗumama.

3. Galan da galan ba ɗaya ba ne

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, don haka a natsu.

Idan aka ajiye muku damin itacen ƙirya da damin karan dawa masu girma ɗaya, aka ce na kara ya fi araha, ba za ku yi saurin miƙa kuɗi ba. Kun san kara yanzu zai cinye, ƙirya kuwa za ta kai ku dare. Haka galan ɗin mai da galan ɗin furofen suke: girmansu ɗaya, zafin da ke cikinsu ya bambanta.

> Akwatin kalmomi
> BTU: ma'aunin yawan zafi ne da ake amfani da shi a Amurka. BTU 1 ya kai kimanin zafin da tsinken ashana guda yake bayarwa idan ya ƙone ƙurmus. Da yake ƙanƙane ne ƙwarai, ana lissafin ɗumama gida da BTU miliyan ɗaya.

Galan 1 na man ɗumama yana ɗauke da kimanin BTU 138,500.
Galan 1 na furofen yana ɗauke da kimanin BTU 91,500.

Ke nan sai an ƙona galan ɗaya da rabi na furofen kafin a sami zafin galan ɗaya na mai. Wanda ya ga an rubuta furofen dala 3.20, mai kuma dala 3.80, ya ce furofen ya fi sauƙi, ya yi gaggawar yanke hukunci.

4. Ba duk zafin ne yake shiga ɗaki ba

Idan na'ura ta ƙona makamashi, wani ɓangare na zafin yakan bi hayaƙi ya fice ta bututun saman rufi. Abin da ya rage shi ne naku.

> Akwatin kalmomi
> Ingancin na'ura: kason zafin makamashi da yake zama ɗumi a cikin gida. Idan ingancin kashi 85 cikin 100 ne, to a kowace dala 100 da aka kashe, dala 85 ta ɗumama gida, dala 15 ta bi hayaƙi. A Amurka ana rubuta wannan adadi a wata takarda ruwan ɗorawa da ake liƙa wa sabuwar na'ura, tare da haruffan AFUE.

Sabuwar na'urar mai ta yau da kullum tana ba da wajen kashi 85. Tsohuwa wadda ta shekara talatin ko arba'in tana iya faɗowa zuwa kashi 70 ko ƙasa da haka. A nan ne furofen yake rama wani abu daga cikin abin da ya rasa, domin akwai na'urorinsa da suke kai kashi 95 har da ɗoriya. Yadda suke yi shi ne, suna sanyaya hayaƙin kafin ya fita, tururin da ke cikinsa ya koma ruwa, su kwashe zafinsa. Hayaƙin yakan fita da ɗan ɗumi kawai, har bututun roba ta jikin bango yana isar sa.

5. Mu yi lissafi

Matakai uku ne:

- Na ɗaya: BTU na galan × ingancin na'ura = zafin da ake mora daga galan 1.
- Na biyu: 1,000,000 ÷ wannan amsa = galan nawa ake buƙata don samun BTU miliyan ɗaya.
- Na uku: yawan galan × farashin galan = kuɗin BTU miliyan ɗaya.

Farashin da ke cikin misalan nan namu ne muka ƙaddara don koyo. Na kasuwa yana hawa yana sauka, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Misali na 1. Wata uwargida a Maine tana gina sabon gida. An ce mata mai dala 3.80 ne galan, da na'ura mai kashi 85. Furofen dala 3.20, da na'ura mai kashi 95.

Mai: 138,500 × 0.85 = 117,725. Sai 1,000,000 ÷ 117,725 = galan 8.5. Sai 8.5 × 3.80 = dala 32.30.

Furofen: 91,500 × 0.95 = 86,925. Sai 1,000,000 ÷ 86,925 = galan 11.5. Sai 11.5 × 3.20 = dala 36.80.

Mu ce gidanta zai buƙaci BTU miliyan 70 a shekara. Da mai za ta kashe 70 × 32.30 = dala 2,261. Da furofen za ta kashe 70 × 36.80 = dala 2,576. Furofen ya fi araha a galan, na'urarsa ta fi inganci, amma duk da haka ya fi tsada da dala 315 a shekara.

Daga wannan misali za a iya fitar da gajeriyar hanya. Idan aka raba 86,925 da 117,725 za a sami 0.74. Wato da irin waɗannan na'urori biyu, sai farashin furofen ya sauko ƙasa da wajen kashi uku cikin huɗu na farashin mai kafin ya yi nasara. Idan mai yana dala 3.80, iyakar ita ce 3.80 × 0.74 = dala 2.81. Sama da haka mai ya fi sauƙi, ƙasa da haka furofen ya fi. Idan kuwa ingancin na'urorin biyu ɗaya ne, iyakar tana saukowa zuwa kashi biyu cikin uku.

Misali na 2. Wani manomi a Minnesota yana samun furofen a dala 2.40, domin a jihohin tsakiya ya fi araha fiye da gabar gabas: sun fi kusa da inda ake haƙo gas da manyan rumbunansa, irin na Conway a jihar Kansas. Lissafinsa: 11.5 × 2.40 = dala 27.60. Idan mai yana dala 3.80 a wurinsa, furofen ya rage masa dala 4.70 a kowane BTU miliyan ɗaya. Makamashin bai canza ba, na'urar ba ta canza ba. Garin ne ya canza, amsar ta juya.

6. Maganar tanki

Mutane da yawa sukan gama lissafin galan su manta da tanki, alhali nan ne rigima ta fi yawa.

Tankin mai na gida yawanci mai cin galan 275 ne, kuma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake girke shi. Mallakar mai gida ne. Amfanin haka shi ne yana iya buga waya kamfani uku ko huɗu ya ji farashi, ya saya a wurin wanda ya fi sauƙi. Illarsa kuma, idan tankin ya tsufa ya yi tsatsa ya fara yoyo, nauyin yana wuyansa. Man da ya shiga ƙasa sai an haƙe ƙasar an kwashe, aikin kuma yakan ci dubban daloli, wani lokaci dubun dubata, kuma ba kowace inshorar gida take biya ba. Tsofaffin gidajen da aka binne tankinsu a tsakar gida sun fi shiga wannan matsala, har takan hana sayar da gida. Idan tankin a waje yake, tsananin sanyi yakan sa man ya yi kauri ya toshe bututu, sai an gauraya shi da kananzir.

Tankin furofen ba ya shiga cikin gida ko kaɗan. A waje yake zama, ko a binne shi. Wanda ake yawan sa wa gida mai cin galan 500 ne, kuma ƙa'ida ta ce ya yi nesa da gini da aƙalla ƙafa 10, wato wajen mita 3. Ba a cika shi maƙil. Kashi 80 cikin 100 ake zubawa, don ruwan ya sami wurin buɗewa idan rana ta yi zafi. Tankin galan 500, galan 400 yake ɗauka.

Abin lura a nan shi ne, galibin masu furofen hayar tankin suke yi daga kamfanin da yake kawo musu gas. Da farko abin yana da daɗi: kamfani zai kawo tanki, ya girke, ya riƙa kula da shi. Amma a jihohi da yawa doka ta hana wani kamfani ya cika tankin da ba nasa ba. Ke nan idan kamfaninku ya ƙara farashi a tsakiyar hunturu, ba ku da wurin gudu. Wasu kamfanonin kuma suna cin tara idan ba a sayi adadin da aka yi yarjejeniya ba a shekara, ko su karɓi kuɗin ɗauke tanki ranar da za a rabu. Wanda yake da hali, sayen tankinsa ya fi masa kwanciyar hankali. Wanda ba shi da shi, ya karanta takardar yarjejeniya layi-layi kafin ya sa hannu, ya tambayi farashin shekara ta biyu, domin na shekarar farko sau da yawa na jan ciniki ne.

7. Farashi ba ya zama wuri ɗaya

Man ɗumama yana bin kasuwar ɗanyen mai ta duniya. A 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukren, galan ɗinsa ya haura dala 5 a Amurka. Furofen kuwa ya fi bin abin da yake faruwa a cikin ƙasar. A ƙarshen 2013 manoman jihohin tsakiya sun girbe masara mai yawa, mai danshi, suka ƙona furofen mai ɗimbin yawa wajen busar da ita. Kafin rumbuna su sake cika sai ga sanyi mai tsanani a Janairun 2014. Furofen ya yi ƙaranci, galan ya haura dala 4, kamfanoni suka riƙa tsakura wa mutane.

Saboda haka masu dabara sukan cika tanki tun lokacin zafi, ko su ƙulla yarjejeniyar farashi tsayayye na hunturu guda. Masu ƙaramin ƙarfi kuma akwai shirin tallafi na gwamnatin tarayya mai suna LIHEAP, wanda aka kafa a 1981, kuma yana taimakawa ko da wane makamashi ake amfani.

8. Haɗari da kula

Man ɗumama ba ya kama wuta da sauƙi. Sai na'ura ta fesa shi ya zama kamar hazo sannan ya ci. Amma yana tara baƙar toka, don haka duk shekara ana kiran ma'aikaci ya share na'urar, ya canza matacin mai da bakin feshi.

Furofen yana ci da tsabta, amma idan ya yi yoyo yana iya fashewa. Ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama, yakan kwanta a ƙasa ya taru a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Asalinsa ba shi da wari, kamfanoni ne suke sa masa wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Duk wanda ya ji wannan wari kada ya taɓa makunnin lantarki. Kowa ya fita waje, a rufe kan tanki idan babu haɗari, a kira kamfani ko 'yan kwana-kwana daga nesa.

> Akwatin kalmomi
> Kabon monoksaid: iska ce mai guba, ba ta da launi ba ta da wari. Tana fitowa idan makamashi bai ƙone sosai ba. Ita ce take kashe mutanen da suka kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Na'urar mai da ta furofen duka suna iya fitar da ita idan sun lalace, don haka kowane gida yana buƙatar ƙararrawar da take gano ta.

Ta fuskar hayaƙin da yake ɗumama duniya, mai yana fitar da wajen kilo 74 na kabon dayoksaid a kowane BTU miliyan ɗaya da aka ƙona, furofen kuma wajen kilo 63. Akwai bambanci, amma ba mai yawa ba ne. Sannan kada a ɗauka ɗayansu zai cece ku ranar da aka ɗauke wuta: fanka da famfon na'urorin biyu da lantarki suke aiki. Inda furofen ya yi zarra shi ne tanki guda yana iya ba da girki, da ruwan wanka, da janareta, kuma yana shekaru a ajiye bai lalace ba.

9. A sauya ko a zauna?

Misali na 3. Wani magidanci a Vermont yana da tsohuwar na'urar mai, ingancinta kashi 70. Gidansa yana buƙatar BTU miliyan 70 a shekara. Mai dala 3.80, furofen dala 3.20. An ce masa komawa furofen, da sabuwar na'ura da bututu da fitar da tsohon tanki, zai ci dala 8,000.

Abin da yake kashewa yanzu: 138,500 × 0.70 = 96,950. Sai 1,000,000 ÷ 96,950 = galan 10.3. Sai 10.3 × 3.80 = dala 39.14.

Idan ya koma furofen: dala 36.80, kamar a Misali na 1. Rarar ita ce 39.14 − 36.80 = dala 2.34. A shekara, 2.34 × 70 = dala 164. Kafin dala 8,000 ta dawo: 8,000 ÷ 164 = kusan shekara 49. Na'urar za ta mutu tun kafin ta biya kuɗinta.

Idan kuwa ya zauna a kan mai ya sayi sabuwar na'ura mai kashi 85: 39.14 − 32.30 = dala 6.84, wato dala 479 a shekara. Ashe ciwon gidan nan tsufan na'ura ne.

Lokacin da ya fi dacewa a yi tunanin sauyi shi ne ranar da na'ura ta mutu, ko tanki ya kai ƙarshen rayuwarsa, ko bututun hayaƙi ya buƙaci gyara mai tsada. A ranar, kuɗi za su fita ko ta wace hanya, don haka bambancin da ke tsakanin farashin ayyukan biyu kawai ake lissafawa. Kuma kafin a taɓa na'ura, a fara toshe kafofin da iska take shigowa ta tagogi da ƙofofi da rufi, domin wannan yana rage adadin BTU miliyan 70 ɗin nan ko da me ake ƙonawa. Akwai kuma hanya ta uku da take yaɗuwa a yanzu, wato na'urar lantarki mai janyo ɗumi daga iskar waje. Jihar Maine ta yi niyyar kafa guda 100,000 kafin 2025, ta cika adadin tun 2023. Ita ma da ma'aunin BTU miliyan ɗaya ake gwada ta da sauran.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa gidajen karkara a Maine da Vermont suke dogara da tanka maimakon bututun gas?
2. Galan nawa na furofen ne yake daidai da galan 200 na man ɗumama wajen yawan zafi?
3. Bayyana ma'anar “ingancin na'ura” da kalmominka. Idan ingancin kashi 80 ne, nawa ne yake bin hayaƙi a cikin dala 500?
4. Mai yana dala 4.20 da na'ura mai kashi 85, furofen yana dala 2.90 da na'ura mai kashi 95. Lissafa kuɗin BTU miliyan ɗaya na kowanne. Wanne ya fi sauƙi?
5. Galan nawa za a zuba a tankin furofen mai cin galan 1,000? Me ya sa ba a cika shi maƙil?
6. Kawo amfani ɗaya da illa biyu na hayar tankin furofen.
7. Me ya jawo ƙarancin furofen a Janairun 2014?
8. Idan aka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, me za a yi, me kuma ba za a yi ba?
9. Sake yin Misali na 3, amma ka ɗauka furofen dala 2.40 ne. Shekara nawa za a yi kafin dala 8,000 ta dawo? Wace shawara za ka ba magidancin?
10. Aikin rukuni: ku zaɓi makamashin girki biyu da ake sayarwa a garinku. Ku rubuta abubuwan da ya kamata a sani game da kowanne, ban da farashinsa, kafin a ce wannan ya fi wancan araha.